Sau Huɗu Ana Gyara Sabuwar Motata, Shin Lokacin Neman Lauya Ya Yi?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, ina zaune a Kubwa, Abuja, da maigidana da yaranmu uku. Wata bakwai da suka wuce na ci bashi daga asusun taimakon juna na ofishinmu, na haɗa da ɗan abin da na tara, na sayi mota sabuwa fil a wani kamfanin dillancin motoci a cikin gari, da garanti na shekara uku. Na guji tokumbo ne don kada in zama kullum ina wurin bakanike. Sati biyar da saye ta fara fizga idan za ta canja giya, wata fitila ta kama a gaban sitiyari. Na mayar musu, suka ce sun gyara. Yanzu zuwa huɗu ke nan a kan matsala ɗaya, a na ƙarshe sai da ta yi sati uku a garejinsu. Ranar da ta fi firgita ni, daidai Gwarinpa ta daina ja ina tsakiyar titi da yara, ga tirela a bayana. Manajan ya ce gurɓataccen mai nake sha. Da na ce su canja min ko su ba ni kuɗina, sai ya nuna min rasit inda aka rubuta cewa ba a mayar da kaya bayan an saya. Maigida ya ce in ƙara haƙuri tunda kyauta suke gyarawa. Kawuna ya ce a haɗa su da 'yan sanda. Ƙanena da ke Amurka ya ce a can akwai lauyoyin da ba su da aiki sai wannan, kuma kamfani ne ke biyansu. Duk wata ana cire kuɗin motar daga albashina, ni kuma ina bin tasi. Malam, lokacin ɗaukar lauya ya yi, ko asara zan ƙara a kan asara?

Daga wata uwa a Kubwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ƙara tsarewa. Tun da na karanta wasiƙarki tirelar nan take tsaye a raina, don haka kafin mu shiga maganar doka, ki ajiye motar. Duk mai bin titin Kubwa da safe ya san irin gudun da ake zubawa tun daga Zuba har cikin gari. Motar da ta taɓa sakin ja a wannan hanya ba ta ɗaukar yara ba ce, ko da an ce an gyara. In za ta koma garejinsu, janwe ya kai ta, kuma su ya kamata su biya kuɗinsa. Ajiyewar ma za ta ƙara wa hujjarki ƙarfi, za ki ga dalili nan gaba.

Amsar tambayarki kuwa, e, lokaci ya yi, yana ma neman gotawa. Mutanenmu da sun ji an ambaci lauya sai hankalinsu ya tafi kan alƙali da shekarun da ake yi ana ɗage zama. Ganin lauya mataki ne daban, shigar da ƙara mataki ne daban, kuma sau da yawa a tsakaninsu ake kashe magana. Abin da nake so ki yi cikin satin nan shi ne na farkon: ki biya kuɗin zama ɗaya, wanda ya san dokar ciniki ya karanta takardunki.

Haƙurin da maigida ke ba ki daga kyakkyawar zuciya ya fito, ba ya son ki shiga rigima da masu kuɗi. Ki zaunar da shi cikin ladabi ki karanta masa abin da zan faɗa yanzu, domin a harkar ciniki haƙurin da ba a rubuta komai a kansa ba, doka tana iya ɗaukarsa a matsayin yarda.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ta ce a sashe na 131 mai saye yana da haƙƙin a ba shi kaya mai inganci, mai aiki yadda ya kamata, marar aibi, wanda zai jure amfani na tsawon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 ya ƙara da cewa cikin wata uku da karɓar kaya, in bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, mai saye na iya mayar da shi ba tare da an ci shi tara ba, ɗawainiyar mayarwar tana wuyan mai sayarwa, shi kuma ko ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Wata uku aka ce, ke kuma kina cikin na bakwai. Bayan wannan akwai tsohuwar dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, wadda har gobe kotunan Abuja ke aiki da ita. A ƙarƙashinta, wanda ya riƙe kaya ya daɗe bai sanar da mai sayarwa cewa ya ƙi shi ba, an ɗauka ya karɓa. In ya karɓa kuwa, ƙofar mayarwa ta rufe, sai neman diyya. Diyya tana iya tsayawa a kuɗin gyara da faɗuwar darajar mota, a bar ki da ita a ƙofar gida. Ke kuwa abin da kike so shi ne rabuwa da ita.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ji wannan baƙo ba. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa wanda ya sayi dabba, daga baya ya ga aibin da ke jikinta tun kafin ciniki, yana da zaɓin mayar da ita. Amma in ya ga aibin ya ci gaba da hawa ko aiki da ita ba tare da larura ba, to ya nuna ya yarda. Shi ya sa na ce ajiye motar yana taimakonki.

Kada ranki ya ɓaci, akwai abin da ke hannunki mai nauyi, wato sati biyar ɗin nan. Kin mayar da motar tun wata uku ba su cika ba, su suka zaɓi gyara, gyaran bai yi ba, an maimaita har sau huɗu. Ga garanti kuma yana nan da ransa. Ƙwararren lauya zai kafa hujja cewa watannin da suka biyo baya kin yi su ne kina jiran cika alkawarinsu. Sai dai "na gaya masa da baki" yana da wuyar tabbatarwa a gaban alƙali. Kuma duk watan da ya ƙaru ba ki rubuta musu cewa kin ƙi motar ba, hujjar tana ƙara sirancewa.

Saboda haka aikinki na daren yau shi ne tattara takardu. Rasit, takardar yarjejeniyar saye, littafin garanti, littafin sabis da tambarinsu a kai. Mafi daraja duka ita ce takardar da gareji ke cikewa duk ranar da aka kawo mota, mai ɗauke da kwanan wata, da kilomitar da motar ta yi, da ƙorafin da aka kawo, da abin da aka canja. In ba su taɓa ba ki ba, ki nemi kwafin duka huɗun a rubuce, ki riƙe shaidar cewa kin nema. Ki duba da kyau yadda suka rubuta ƙorafin, domin wani gareji yakan rubuta matsala ɗaya da suna huɗu daban-daban, ta yadda a takarda za a ga kamar ƙananan matsaloli ne da ba su da alaƙa. Saƙonnin WhatsApp tsakaninki da manajan kada ki goge ko ɗaya, har da na murya. In kina da hoto ko bidiyon fitilar nan tana kunne, ki adana shi a wuri biyu. Kuɗin tasi da kike kashewa ki fara rubuta shi da kwanan wata, in da hali ki riƙa biya ta banki, don kotu ba ta biyan irin wannan asara sai wadda aka tabbatar filla-filla. Daga yau kuma duk maganar da kuka yi da su ta waya, ki bi ta da saƙon da ke maimaita abin da aka ce.

Rubutun da manajan ya nuna miki a rasit kada ya razana ki. Mai sayarwa ba ya iya soke haƙƙin da doka ta ba mai saye da layi ɗaya a ƙasan takarda, kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta sha nanata cewa irin wannan sanarwa ba ta wanke wanda ya sayar da kaya mai aibi.

Maganar gurɓataccen mai tana bukatar adalci. Ba ƙarya ba ne cewa ana samunsa. Mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layin mai ya dawo. Kuma injin da mai ya dama yana iya sa mota fizga har direba ya zaci giya ce. Amma fetur hanyarsa daga tanki ce zuwa famfo zuwa inji, akwatin giya kuwa da nasa man daban. In takardunsu sun nuna a giya suka yi aiki sau huɗu, to su bayyana yadda fetur ya isa can. In sun dage, su rubuta: wane gwaji suka yi wa man, yaushe, me ya nuna. Sashe na 145 na dokar 2018 ya ce idan aka yi zargin kaya na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar. Ba ke ce za ki tabbatar da cewa manki mai kyau ne tun farko ba.

A nan zan ja kunnenki da ƙarfi. Za a samu mai ce miki akwai wani gwani a Apo da ke gyara irin wannan giya cikin kwana biyu. Wataƙila ma gaskiya ne, akwai masu hannu a can. Amma ranar da wani ya kwance ƙusa ɗaya a akwatin giyar nan ba da izinin kamfani ba, kin miƙa musu abin da suke nema: za su ce garanti ya faɗi, kuma ɓarnar daga can ta samo asali. In ana bukatar ido na waje, lauya ne zai shirya injiniya mai takardar shaida ya sa mata kwamfuta, ya rubuta rahoton da zai iya tsayawa ya kare a gaban alƙali, a kuma gayyaci kamfanin ya turo wakili.

Shawarar Kawu, Allah ya saka masa da alheri, kada a bi ta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duka sun hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa a kan irin wannan yakan wayi gari shi ake ƙara a kan tauye haƙƙi, har a ce ya biya diyya. Da a ce tsohuwar mota suka yi wa kwaskwarima suka sayar miki da sunan sabuwa, wannan zamba ce, hukuncinta daban. Lauya zai duba wannan ma ta lambar shasi da takardun shigo da motar.

Ƙanenki gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar can ce. Amurka tana da dokar garanti ta tarayya tun 1975, jihar Konetikat ta fara yin doka ta musamman kan sababbin motoci masu aibi a 1982, sauran jihohi suka bi. Da yawansu sun yanka ma'auni: in an gwada gyara matsala ɗaya sau uku ko huɗu ba ta tafi ba, ko mota ta tara kwana 30 a gareji, kamfani ya canja ko ya saye ta ya mayar da kuɗi, kuma in mai saye ya yi nasara kamfani ne ke biyan lauyansa. Wannan ne ya haifar da lauyoyin da ya ba ki labari. Mu a nan dokarmu ba ta ƙidaya zuwa gareji ba, kuma abin da kotu kan yanke na kuɗin ɗawainiya sau da yawa ba ya kai abin da aka biya lauya. Don haka ki shiga da lissafin cewa daga aljihunki za ki fara. Duk da haka ma'aunin nasu yana da amfani wajen auna hankali: da a can kike, zuwa huɗu a kan matsala ɗaya ya isa.

Ba kowace matsalar mota ke kai mutum ofishin lauya ba, ina faɗin haka saboda sauran masu karatu. Na'urar sanyaya mota da ta tsaya aka gyara ta zauna, ko gilashin da ke maƙalewa, ba su kai ba. Wanda ya sayi tokumbo mai shekara goma sha biyar a bakin titi, ya zo da bakanikensa ya duba, ba garanti ba alkawari a rubuce, hanyarsa ta fi ƙunci, sau da yawa sulhu ta hannun shugabannin dillalai ya fi masa. Taki ta bambanta ta kowace fuska. Aibin ya shafi rai, ya ƙi jin gyara, an fara ɗora miki laifi, an ƙi bukatarki kai tsaye, kuma kuɗin da ke ciki albashin shekaru ne. Ko biyu daga cikin waɗannan sun isa a nemi lauya.

Wane irin lauya? A ƙasar nan da wuya ki ga allon da aka rubuta lauyan motoci. Ki nemi wanda aikinsa shari'ar kasuwanci da yarjejeniyoyi ne, wanda ya taɓa bin ƙorafin mai saye har ƙarshe. Ɗan'uwan da ya ƙware a takardun fili ko shari'ar gado yana iya nuna miki hanya, amma kada kunya ta sa ki damƙa masa abin da ba fanninsa ba. A zaman farko ki tambaye shi ko ya taɓa riƙe irin wannan magana da yadda ta ƙare. Ki tambaye shi wa za a nema, dillalin ne, ko babban wakilin kamfanin a Najeriya, ko duka, domin sunan da ke kan allo wani lokaci ba shi ne sunan da aka yi wa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ba. Ki tambaye shi ko yarjejeniyar da kika sa wa hannu ta wajabta zuwa gaban mai sasanci kafin kotu. Ki lura ko ya karanta takardun kafin ya fara magana. Wanda ya ce miki nasara tabbas ce tun bai buɗe fayil ba, ki yi masa godiya ki tashi. Lauya na gaske yana da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa mai ɗauke da sunansa, wanda yake maƙalawa a takardun da ya shirya. Kuɗinsa kuma a rubuta shi mataki-mataki: na wasiƙa, na zaman sulhu, na kotu in ta kai. Ƙa'idar aikinsu ta yarda a shari'ar da ba ta laifi ba a yi yarjejeniyar biyansa wani kaso daga abin da aka samo, kina iya tambaya ko zai yarda da hakan.

Abin da zai fara yi shi ne wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfanin, ba manajan gareji ba, mai jera tarihin gyaran da kwanakinsa, mai faɗa ƙarara cewa kin ƙi motar, mai neman canji ko kuɗi cikin wa'adi. Kamfanin da ke juya mace ita kaɗai a wurin karɓar baƙi yakan canja murya idan takarda ta isa teburin lauyoyinsa. In wa'adi ya cika shiru, sai FCCPC, hedikwatarta tana nan Abuja kuma tana karɓar ƙorafi ta intanet. Ita ce ta gaji tsohuwar majalisar kare masu saye, tana da ikon kiran kamfani ya zo ya yi bayani. Kina iya kai ƙorafin da kanki, amma wanda lauya ya tsara da hujjoji a jere ya fi saurin fahimta. Akwai kuma zauren sulhu na Babbar Kotun Abuja da aka buɗe a 2003, inda mai shiga tsakani ke zaunar da ɓangarori biyu, in an daidaita alƙali ya sa hannu ya zama hukunci. Sashe na 146 na dokar 2018 bai hana ki tafiya kotu kai tsaye ba, kuma a Abuja wa'adin shigar da ƙara kan saɓa yarjejeniya shekara shida ne. Amma kada shekara shidan nan ta sa ki miƙe ƙafa, haƙƙin mayar da mota yana iya mutuwa tun kafin a je ko kusa. Kotu tana cin lokaci, ga ɗaukaka ƙara, shi ya sa na fi so miki sulhu mai ƙarfi wanda kamfanin ya san akwai ƙara a shirye a bayansa.

Bashin ofis ki ci gaba da biya. Na san da ciwo, amma yarjejeniyarki da asusun daban take da ta masu mota, in kika tsaya kin buɗe wa kanki rigima ta biyu.

Ranar da suka kira ki sulhu, kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki sa hannu a komai a wurin. Takardar da ta ce kin karɓi gyara ko wani ɗan kuɗi a matsayin ƙarshen magana tana rufe duk ƙofofin da na lissafa. In canji suka yarda da shi, a rubuta lambar shasin sabuwar motar, garantinta ya fara daga ranar da aka miƙa miki ita, a kuma faɗi wanda zai biya kuɗin rajista da inshora. In kuɗi ne, za su so su cire na watannin da kika hau, to lauyanki ya sa a lissafa kwanakin da ta yi a garejinsu da waɗanda ta yi a ajiye a cire su daga ciki. Ki kuma tuna farashin mota ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuɗin wata bakwai da suka wuce ba lallai su sayi irinta yau ba, don haka ki sa a tambayo farashinta na yanzu kafin ki zaɓi tsakanin canji da kuɗi.